Hular Lamont Ba Ta da Tauraro

Litinin, 3 ga Oktoba, 1994

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa bayan raina, ya gafarce ni da na ɗora masa damuwar da ba tasa ba. Matata Bernice ta gaji da zancen ƙwallo, saboda haka takarda za ta ɗauka.

Koci Harlan ya bar mini horar da masu tsaron ƙungiyar sakandaren garinmu kacokan, a ƙwallon Amurka, wasan da ake rungumar ƙwallo a ruga sai an kayar da mutum. Ciwon asma ya hana ni buga wasan tun ina yaro. Abin da na sani, daga ƙasidun da nake saye ta gidan waya na koya. Ƙa'idar ɗaya ce: tsakanin kowane mutum biyu a sahun abokan karawa akwai ƙofa, kowane yarona yana da tasa, kuma ba ya barinta ya bi mai ƙwallo, komai kusancinsa.

Laraba, 5 ga Oktoba

Lamont Tibbs, mai lamba 74, shi ke tsare tsakiya. Ƙarti biyu na abokan karawa ke taruwa a kansa kullum, na bayansa su samu sarari su kayar da mai ƙwallo. Wanda ya kayar kuwa shi ake liƙa wa tauraro a hular kwano.

Yau Dewey, wanda ke tsayawa bayansa, ya ce, "Turmi, hularka tas kamar sanƙon kakana! In ara maka ɗaya?"

Lamont ya ce, "Riƙe abinka, ɓera. Ba don ni ba, sai dai ka ƙirga na sama."

An yi dariya. Daga baya na gan shi yana goge hular da hannun riga, ya daɗe.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Iya Odessa, kakarsa da ta raine shi, ta tare ni a bakin coci. Wai ranar Juma'a wakilin wata jami'a zai zo neman 'yan wasan da za a ba karatu kyauta.

"Wendell, tun kana yoyon majina na san ka. Sake shi ya kayar da mutum, wasa ɗaya tak. In karatun nan ya wuce shi, masana'antar kaji ke jiransa, kamar ubansa."

Na bayyana mata cikin ladabi cewa ƙasida ta ce idan ƙofa ɗaya ta buɗe, tsaro duka ya rushe.

Ta ce, "Ita ƙasidar, tana da jika?"

Alhamis, 13 ga Oktoba

Lamont ya ce mini, "Koci, gobe fa?" Na ce, "Ƙofarka." Ya ce, "To, Koci."

Asabar, 15 ga Oktoba

Jiya mun ci. Babu wanda ya ratsa ta tsakiya. Sau ɗaya mai ƙwallo ya bi ta ƙofar maƙwabcin Lamont, kusa ƙwarai. Na ga kan Lamont ya juya, amma ƙafarsa ba ta gusa ba. Dewey ya kayar da shi. Wakilin ya gaisa da Dewey, ya shiga motarsa.

Harlan ya daki kafaɗata, ya ce, "Boko ya yi rana, Wendell!" Iya Odessa ta wuce ta gabana da kujerarta ta naɗewa.

Ƙasida ta yi gaskiya. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Na kalli kaset ɗin bidiyon wasan. Ban bi ƙwallo da ido ba.

Talata, 18 ga Oktoba

Jiya na bar shagona na kayan gini, abin da ban taɓa yi ranar aiki ba tun da Baba ya rasu. Bernice ta karɓi mukulli. Na soma faɗa mata inda kowane abu yake, ta ce, "Ƙusa ce, Wendell, ba tiyata ba. Tafi."

Ba wai na sauya ra'ayi ba. Tsarin daidai ne. Sai dai ƙasidar ba ta faɗi abin da ake yi da yaron da ya yi biyayya ba.

Na tuƙa har jami'ar. Wakilin ba ya nan. Na bar wa sakatariyarsa kaset ɗin da wannan roƙo, kuma na gaya mata Litinin mai zuwa zan dawo:

1. Ranka ya daɗe, ka kalli lamba 74, kada ka kalli ƙwallo.
2. Ka lura da ƙartin da ke kansa duk lokacin da Dewey ya kayar da wani.
3. Ni na hana shi motsi. Kada a ɗora masa.
4. Ina roƙon amsa a rubuce, domin kakarsa ta gani da idonta.