Na ce Allah ne masani, yanzu auren abokina na rawa

Anti Hadijatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a, kaina ya ɗaure. Kada ki buga sunana. Ni ma'aikaci ne a Kankia, ban yi aure ba tukuna, kuma duk unguwarmu an san ni da gem, wasan nan na na'ura da ake bugawa a talabijin. Ba gem ɗin ƙwallo ba, wannan na bar wa yara, mutum biyu na bugawa sauran na hamma. Gem ɗin faɗa kuma hauka ne kawai, wanda ya fi danne-danne shi ke ci. Abin da ya shiga raina shi ne masu ƙananan wasanni a dunƙule, waɗanda kowane wasa ba ya wuce minti ɗaya. Yanzu kuna tseren kwalekwale, an jima kuna tare ƙwan da kaza ke saki daga sama, an jima kuna yanka kankana. Na kamun kifin ne kawai ba na so, sa'a ce zalla, ko kakata za ta iya cin mutum.

Amma sarkinsu duka shi ne na kiɗa. Anti, wanda bai taɓa bugawa ba ba zai gane ba. Kiɗa na tashi, kai kuma ka danna daidai inda ganga ta faɗi, ba gaba ba baya. Idan ka kama shi sai ka ji kamar hannunka ne ke kiɗan. Wanda na fi so shi ne na maƙera, inda biyu ke bugun ƙarfe kai ne na uku, can tsakiya sai hayaƙi ya rufe fuskar talabijin ɗin gaba ɗaya, dole ka bi da kunne. A nan ake sanin gwani.

Kullum bayan la'asar muna haɗuwa a zauren gidanmu, tunda ina da sola. Dokarmu irin ta 'yan karta ce, wanda ya zo na ƙarshe ya shanye moɗar ruwa a tsaye. Ba ni na ƙirƙiro ta ba.

To, akwai abokina Ashiru, tun firamare muke tare. Ɗan acaba ne a Kusada, idan ya kawo fasinja Kankia sai ya biyo. Gaskiya a da shi kaɗai ke ba ni kashi a wasan kiɗa, kuma a gaban mutane, a gidanmu, da na'urata, har yana taka rawa. Bara ya yi wani zazzaɓi mai zafi. Bayan ya tashi ya ja ni gefe ya gaya mini kunnensa na dama ya mutu, na hagun ma sama-sama yake ji. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, don yana tsoron fasinja su guje shi, kuma yana neman auren wata yarinya, Zuliha. Na rantse, kuma har yau ban faɗa ba.

Sai ya fara faɗuwa a wasan. Da yake yana da wayo, ya koma bin wasan da ido, yana kallon motsin hannun maƙeran. Ni kuma da na lura, idan layi ya zo kansa sai in zaɓa masa mai hayaƙin, in kuma tura lasifikar ta gefen damansa. Raha ce kawai, Anti. Da kin ga yadda yake gyaɗa kai daban, kiɗa na tafiya daban, baki buɗe, an gama wasa shi yana ta dannawa, ke ma sai kin riƙe ciki. Wata rana ya sha ruwa har sai da ya fita waje ya amayar. Amma washegari ya dawo da ƙafarsa. Wanda ba ya so ai ba ya dawowa.

Cikinmu wani ya ɗauke shi a waya. A bidiyon riga duk ta jiƙe, ana kiran sunansa ta baya bai waiwayo ba, ya miƙe yana tangaɗi saboda cikar ciki. Kowa ya ɗora a intanet, ni ma na ɗora. Kafin sati ya zagaya Kusada, aka fara cewa Ashiru ya fara shan ƙwaya.

Shekaranjiya kawun Zuliha ya taso daga Bauranya takanas ya same ni, don an ce masa ni ne babban abokin Ashiru. Binciken aure ya zo yi. Ya tambaye ni kai tsaye ko Ashiru na shaye-shaye, ya ce in ji tsoron Allah in faɗa masa gaskiya. Idan na ce a'a zai tambaye ni to me ke damunsa a bidiyon, ni kuma na yi rantsuwa. Sai na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya yi godiya, ya ce zai sake biyowa ranar Juma'a bayan masallaci kafin su ba dangin Ashiru amsa kan sa rana.

Maganar ta kai wa Ashiru. Jiya ya zo ya tsaya a bakin zaure, ko mashin bai kashe ba, ya kalle ni idonsa ya yi ja, ya juya ya tafi. Ba ya ɗaukar wayata. Abin ya ƙona mini rai, don ni amanarsa na riƙe. Majalisa ma ta yi lami, maƙeran nan sun daina yi mini daɗi, don babu mai faɗuwa irin tasa. Anti, ina laifina? Me zan ce wa dattijon, kuma ta yaya zan sa Ashiru ya gane ya dawo mu ci gaba kamar da?

Sarkin Gem, Kankia

Ɗana Sarkin Gem,

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ce kana tausayin Ashiru, ban samu ba. Kaza da kankana sun sami wuri a cikinta fiye da shi.

Bari in fara ba ka naka. Wasa ba laifi ba ne, kuma ban ga aibu ba samari su taru da rana a zaure suna bin kiɗa maimakon yawon banza. Yadda kake bayanin wasan maƙeran nan har ni ka sa na ji sha'awa. Ashiru ma yana da nasa kuskuren. Bai kamata ya ɓoye wa yarinyar da zai aura lalurarsa ba, kuma mai mashin da ba ya jin hon sosai yana wasa da ransa da na fasinja. Iya nan naka ya tsaya.

Kana ta cewa ka riƙe amana. Bakinka ne kawai ya riƙe. Mutum ya nuna maka inda ke masa ciwo, kai kuma kullum nan kake dannawa, don a da yana cin ka a gaban mutane. Sauran 'yan majalisa suna dariya ne ba su sani ba. Kai kaɗai ka san ko me ake yi wa dariya, kuma kai ke tura lasifikar. Wannan mugunta ce, kada ka sake kiranta raha. Ka ce ai da ƙafarsa yake dawowa. Ina zai je? Zaurenku ne kaɗai wurin da yake da mutum ɗaya da ya san halin da yake ciki. Ya gwammace ya sha ruwa har ya yi amai da ya zauna shi kaɗai.

Sai maganar kawu. Kai ba yaro ba ne, a ƙasar nan ka tashi. Ka san idan aka zo binciken aure, babban aboki ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani, to ya gama magana. Dattijon nan ya koma Bauranya da cewa Ashiru ɗan ƙwaya ne, kuma a bakinka ya ji. An tambaye ka shaye-shaye, ba a tambaye ka kunne ba. Cewa a'a ba ta taɓa rantsuwarka ko kaɗan. Tambayar da za ta biyo baya kake tsoro, don amsarta kai za ta tona.

Ga abin yi. Yau ka goge bidiyon, ka bi waɗanda suka ɗora ɗaya bayan ɗaya su goge. Gobe ka hau mota ka tafi Kusada, kada ka aika kowa, kada ka yi ta waya. Ka faɗa wa Ashiru abin da ka riƙa yi da lasifika da zaɓen wasa, don mai yiwuwa har yanzu yana zaton kunnensa ne kaɗai ya ci amanarsa. Ka nemi gafara ba tare da ka ce amma ba. Ka roƙe shi ya gaya wa Zuliha da mutanenta gaskiya da bakinsa, sannan ya je asibiti a Katsina likitan kunne ya duba na hagun tun da sauransa. Ciwon kunne ba abin kunya ba ne, gidaje da yawa za su ba mai shi aure. Sunan ɗan ƙwaya ne ke hana mutum mata a gari guda.

Kada ka jira Juma'a dattijo ya sake taka ƙafa ya zo maka. Kai ka je Bauranya. Ko Ashiru ya yarda a faɗi lalurarsa ko bai yarda ba, ka ce wa kawun abokinka ba ya shan komai, ka rantse a kan haka, ka ce abin da ya gani a bidiyo ku kuka shirya masa, kai ne kuma shugaban shirin. Zai raina ka, kuma ya dace.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, ka cire rai. Ba za ku ci gaba kamar da ba. Yana iya yafe maka kuma ya ƙi sake taka zaurenku har abada, kuma idan ya yi haka bai zalunce ka ba. Abokin ka riga ka rasa shi, auren ne bai mutu ba tukuna.

Allah Ya ba Ashiru lafiya, Ya sa Zuliha rabonsa ce. Kai kuma ɗana, ina roƙa maka kunya, da ƙarfin halin ɗaukarta har ƙofar gidan dattijon nan.

Anti Hadijatu