Shafin Sashenmu Ya Hana Nasiru Tafiya

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka, ta saki? Ya Hajiya Mariya da yara? Mu nan Maraɗi sai godiya, Inna ma ta ji sauƙi.

Yaya, tafiyar ɗanka Nasiru ta rushe. Jami'ar wajen da ta ɗauke shi ta leƙa shafin intanet na sashenmu na jami'a don ta tabbatar da malamin da ya ba da shaidarsa, ba ta ga sunan malamin ba. Shugaban sashen da sunansa ke shafin ya daɗe da rasuwa, lambar wayar kuma ba ta shiga. Sai suka ba wani gurbin.

Ni na gina shafin nan, kuma na sha faɗa musu a riƙa sabunta sunayen malamai da darussa, a ɗora wa mutum ɗaya kula da shi. Da mulkin sashen ya canza aka karɓe kalmar sirri daga hannuna, wanda aka ba kuma an ɗauke shi daga Maraɗi. Na roƙi sabon shugaba, ya ce, "Malam Habu, wutar kuran ma ba mu da ita, kana zancen shafi?"

Nasiru ya koma garinmu Jiratawa yana ban ruwa a garkar Baba. Da na je lallashinsa ya ce, "Baffa, bar wahalar da kanka." Wallahi na kasa kallon idonsa.

Ka kira shi, ni maganata ta ƙare. Ku sa mu a addu'a. Inna na gaishe ku.

Ƙanenka,
Habu