Kwabonki Mai Huji

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Shekara huɗu gare ni da kika rasu. Ko hotonki babu. Bara da na je Gecheme, ƙanwarki Iya Hajo ta kwance bakin zanenta ta ba ni wani kwabo mai huji, ta ce naki ne. Na karɓa na yi godiya, amma wallahi ban yarda ba. Kin san Iya Hajo, tana iya tsintar abu a hanya ta ba shi tarihi.

Ran kasuwar Dutsi na kai shi wurin wani dattijo mai sayen tsofaffin kuɗi. Ya hana ni gogewa, ya riƙe shi ta gefe kamar ƙwai, ya sa gilashi a ido. Ya ce kwabo hawa-hawa ne: akwai wanda bai taɓa shiga hannu ba, akwai wanda ya ɗan zaga, akwai wanda ya suɗe. Naki na can ƙarshe. Kambin sarautar da aka buga a jikinsa ya tafi, tauraron saura inuwa, ba mai saye.

Har zan tashi, sai ya sake karkata shi wajen rana. Ya nuna mini gefe ɗaya da ya cinye a karkace, ya ce an yi shekaru ana kankare tukunya da shi. Kuma da hannun hagu, don na dama ba ya cin ƙarfe ta nan.

Inna, sai na koma na zauna. Na tuna wata ƙara, ƙarar kankarar ƙanzo bayan an kwashe tuwo, ni kuma a tsugune ina miƙa hannu. Fuskarki ba ta zo mini ba, ƙarar ce kawai.

Ni ma bahaguwa ce, Inna. Na sha bulala a lakkol, wato makarantar boko, a gida kuma Goggo ta wajen uba ta ɗaure mini hannun har ya kumbura, tana cewa ba a san irin wannan a danginsu ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini inda na samo shi.

Na ɗora babban yatsana inda naki ya lotsa ƙarfen, ya zauna daidai. Ikon Allah. A gaban mutane na yi kuka, ban ji kunya ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna in ga fuskarki.

Taki, Rabi. Da hannun hagu na rubuto miki.