Gwiwata Ta Kumbura, Ga Ranar Neman Gafara Ta Matso

Bu Harjanti, uwarmu mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, na rasa tudun dafawa. Mako uku ke nan na faɗi a babur a hanyar Klaten, gwiwata ta bugi kwalta. Na tashi na kakkaɓe jikina. Bayan kwana biyu sai ta kumbura kamar an ɗura mata ruwa, amma ko kaɗan ba ta ciwo. Mai tausar unguwarmu ta murza ta da man kwakwa har sau uku, wai iska ce ta shiga. Kumburin sai ƙaruwa yake yi, yanzu a kujera nake sallah.

Ba ƙafar ce ke sa ni kuka ba. Shekara huɗu ba ma magana da mahaifiyata, tun baƙar maganar da na faɗa mata ranar jana'izar babanmu. Yanzu ƙanena Sigit ya ce jikinta ya yi tsanani. Kin san sungkem ɗinmu na ƙaramar Sallah: ka ja gwiwa zuwa gaban mahaifiya, ka sunkuyar da kai a cinyarta ka nemi gafara. Saura kwana tara. In na je mata a tsaye, za ta ce girman kan yana nan. Na san halinta, don irinsa gare ni.

Wulan, Klaten

Wulan, 'yata, sannu. Rashin ciwo ba shi ne lafiya ba. Buguwa kan tara ruwa ko jini a gaban ƙoƙon gwiwa, wani lokaci kuma jijiya ce ko guringuntsi ya yage a ciki. Mai tausa da kyakkyawar niyya ta yi, amma murza na ƙara tsokano kumburi, ki daina. Ki huta, ki ɗora ƙafar kan matashi, ki sa ƙanƙara a tsumma ki dafa wurin, ki ɗaure ba tamau ba. Mako uku ya yi yawa, gobe ki ga likita. In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya zo, kada ki bari sai gobe. Durƙuso kuwa, babu shi yanzu.

Gaskiya ne al'ada na da nauyi, kuma mai yiwuwa dangi su yi tsegumi. To, su yi. Ki zauna a tabarma ki miƙe ƙafar, kanki zai kai cinyarta. Abin da ya fi damuna kwana taran nan ne. Wa ya ce miki mara lafiya na jiran Sallah? Daga wurin likita ki wuce wajen mahaifiyarki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki same ta tana jin muryarki.