Randar Ƙofar Fada

Argungu, ranar Asabar.

Zuwa ga maiɗakina Sadatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu Ilham da jaririnta, da mutanen unguwar Badariya baki ɗaya. Ni ma lafiya, in ban da ciwon kai.

Abin da kika ji a Birnin Kebbi gaskiya ne. Mai martaba Sarkin Gulbi Albashir ya kafe a kan Ɗayyaba, bazawarar nan mai bandar kifi a bakin kasuwa. An nuna masa ɗiyan sarakuna, bai ko ɗaga kai ba.

Kin san al'adarmu tun zamanin da kakansa ya hana Turawa gulbin nan muka zauna da mulkinmu. An kafa babbar randa a ƙofar fada, kowace matar aure da ta yarda da amarya ta zuba ruwan gulbi ƙwarya ɗaya. In ta cika kafin la'asar ta Juma'a, a ɗaura aure. In ba ta cika ba, babu aure, kuma Sarki ya rantse a gaban majalisa in haka ta faru zai ajiye rawani ya bi Ɗayyaba. Cikin duk ma'aikatan fada, ni aka ɗora wa tsaron randar. Zuwa yau abin da ke ciki ba zai ishi akuya ba.

Na tuna kin ce ba za ki durƙusa wa matar da kika sha taya kifi a gabanta ba. Ban tilasta miki ba, amma ki sake tunani.

Mijinki,
Nu'uman.

Argungu, ranar Laraba.

Sadatu,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego. Allah ya raya.

Gara ki ji daga bakina kafin direbobin tasha su ƙara masa gishiri. Da na ga kwanaki na tafiya, mata suna wuce randar kamar ba su gan ta ba, sai na yi shawara da zuciyata. Na sa ƴan garuwa suka ƙara mata ruwa da sassafe. Ban yi don kaina ba, na yi don kada ƙasa ta wayi gari ba sarki. Kuma tun da na karanta a ɗan littafin kiwon lafiya cewa ruwan gulbi na kawo tsargiya, na umarce su da su ɗebo na burtsatse, mai tsabta. Ashe tsabtar ce za ta tona ni.

Da hantsi tsohuwar nan Nana Aisha ta leƙa, ta tara mutane, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa hango gindin randa ta cikin ruwan gulbin Rima ba. Yanzu daga fada har kasuwa sunana Malam Burtsatse. Ni da ban taɓa kuskuren wasali a takardar fada ba.

Ɗayyaba ta zo da kanta, zanenta na ƙaurin hayaƙi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta sa aka tuntsurar da randar, har da ɗan ruwan gaskiyar da ke ƙasa. Ta ce ba ta taɓa sayar da kifin jiya da sunan na yau ba, ba za ta shiga fada da ruwan haya ba. Ta koma bakin bandarta. Ga randa wayam, ga Juma'a jibi. Abin da ya fi damuna, kada Sarki ya kore ni.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Nu'uman.

Argungu, ranar Asabar.

Sadatu,

Ina fata kin koma Birnin Kebbi lafiya. Na ce ina fata, domin ba a ga damar yi mini sallama ba.

Ba sai na ba ki labari ba, amma akwai abin da ba ki gani ba. Tun yammacin Laraba mata suka fara gangarawa gulbi, waɗanda suka fi kowa zaginta su ne a gaba. Wai mai zubar da ruwan ƙarya ta cancanci na gaskiya. Na duba duk littattafaina, ban ga inda aka yi bayanin irin wannan hali ba. Jiya bayan sallar Juma'a saura kamar taƙi guda randar ta cika, ƙwarya ta daina zuwa, ladan yana gyaran murya zai kira la'asar, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Sai ga motar Birnin Kebbi cike da mata, ƙafafunsu duk taɓon gulbi. Na shaida tafiyarki tun daga nesa.

An ɗaura aure, Sarki na nan da rawaninsa, ba a kore ni ba. Na gode. Amma ina da ƙorafi. Shekara da shekaru ba ki taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, sai jiya, a gaban Waziri da dukan majalisa, kika zuba ruwanki, kika dube ni kika gaishe ni da Malam Burtsatse. Har Sarki sai da ya rufe baki da hannun riga.

Kin manta ƙwaryarki. Amarya ta aiko da ita cike da kifi, ta ce a faɗa miki wannan ba sai kin taya ba. Ba zan ba direba ba. Ki zo ki ɗauka.

Mijinki har kullum,
Nu'uman.