Motar da Baba Ya Saya Sau Biyu

Toledo, Ohio
Watan Oktoba

Zuwa ga yayana Glenn,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Noreen da yara. Allah ya tsare ka a wurin aikin bututun man nan naku, ya sa sanyin Fairbanks na bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan muna lafiya. Maigidana Dale yana nan yana fama da ciwon bayansa, ya kuma ƙi zuwa asibiti kamar kullum. Goggo Phyllis ta biyo ranar Lahadi bayan coci da gasasshiyar kaza, ta ce in gaya maka in hanyar gida ce ta ɓace maka, ai akwai taswira a waya. Na san za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Na san muryata za ta karye, kai kuma ka ce sarauniyar kuka ta fara, ni kuwa so nake ka ji maganar nan har ƙarshenta.

Maganar Baba ce. Ba ya kwance, yana ci yana sha, kullum da safe yana gareji kafin kowa. Amma Yaya, tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko lokacin jinyar marigayiya Mama.

Kai ma a hannunsa ka koya, ka san yadda yake kimanta mota kafin ya ɗaga hannu a wurin gwanjo. Zai fito da maganaɗisun nan nasa da yake naɗewa a tsohuwar safa, ya bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa ya san ciko aka yi aka rufe da fenti. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi don tsatsar da gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yake jawowa, ya shinshina shimfiɗar ciki ko ta taɓa shan ambaliya, ya duba ko giyar hannu ce, don masu son motar gudu ba sa zuba kuɗi a kan mai canja giya da kanta. Kafin ya miƙe ya riga ya san abin da za ta ci a gyara da abin da mai saye zai bayar. Tunda na dawo ina taya shi aiki ban taɓa ganin mota ta yaudare shi ba.

To, makon jiya ya dawo daga gwanjo da wata koriyar mota ƙirar Mustang a kan tirela, bakinsa har kunne. Tun daga bakin titi yake ƙwala mini kira, wai in fito in ga abin da makafin can suka bari ya wuce su. Ina fitowa na gane ta. Motar da muka saya muka gyara bara ce, wadda aka daka wa ɓangaren baya na hagu. Shi da kansa ya yanke wurin ya yi waldar sabon ƙarfe, don ka san shi ba ya ciko, ni kuma na goge ta har yatsuna suka yi kanta. Shi ya fesa mata fenti. Muka sayar wa wani likitan haƙori a Findlay. Sai ga Baba yana zagaya ta yana manna maganaɗisu yana cewa, “Kin gani ko, 'yar nan? Ko'ina ƙarfe. Ba a taɓa ko ƙwarzanarta ba, fentin kamfani ne wannan, irinta kuɗinta ninki ne.” Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce kai Baba, yau kuma kanka kake yabo? Ya dube ni a daƙile, ya ce me ya haɗa shi da aikin kamfani. Nan na daina dariya.

Da yamma Lyle ya kira ni, abokin nan nasa mai ƙaton tumbi da suka shekara talatin suna takara a gwanjo. Ya ce duk waɗanda suka san Baba a wurin sun gane motar, har ana tsokanar Baba ana cewa, “Merle, kewarta ce ta kama ka? Tsohuwar budurwa ta dawo!” Shi kuwa Baba ya ɗauka dabara ce ake yi masa don ya janye, sai ya ƙara ɗaga hannu, ya saye ta a farashin motar da ba ta taɓa hatsari ba. Lyle ya ce shi da ya saba jin daɗi in Baba ya faɗi, ranar ko kofinsa bai iya shanyewa ba. Ya ce, “Rhonda, ku duba mutumin nan, ba Merle ɗin da na sani ba ne ya tsaya kusa da ni yau.”

Asarar ba ta dame ni ba, Yaya. Tunda ta dawo hannunmu, dole mu faɗa wa mai saye cewa an taɓa gyara ta, mu sayar a yadda ta samu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne duk ƙananan abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu sai suka dawo mini. Ranar da ya kira ni Loretta, sunan Mama, na ce kama muke yi. Ranar da ya je sayo batir ya dawo bayan la'asar hannu wofi, ya ce layi ne ya yi yawa. Ashe ni ce ban so in gani ba.

Washegari ya ce zai fita da ita gwaji. Ka san hanyar nan ta tsakanin gonakin masara inda yake taka mota ta haura gudun mil ɗari a awa don ya saurari injin, ka kuma san yanzu lokacin girbi ne, manyan motocin gona suna fitowa ba sallama. Ban san abin da zan ce ya tsaya ba, sai na buɗe but na ɗaga safaya. Ka tuna duk motar da ya gama, yakan rubuta harafin farko na sunan Mama da rawayan fenti a ƙarƙashin safaya, wai ita ce take sa hannu a aikin? Yana nan raɗau, da 'yar lanƙwasar nan da yake yi masa a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa yatsa ya shafa. Ya zagaya ɓangaren hagu ya ɗora tafin hannunsa daidai inda ya yi waldar. Ya zauna a kan wata taya, ya tambaye ni yaushe muka yi ta. Na ce bara. Ya ce tare da ni? Na ce tare da ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar, kamar ta yaron da ya saki hannun uwarsa a kasuwa. Ya ce ya laluba kansa ko'ina, babu motar a ciki, ko inuwarta. Sannan ya zaro makullin daga aljihu ya danƙa mini, ya rufe hannuna da nasa, ya ce, “Ɓoye shi. Ko na roƙe ki, ko na zage ki, kar ki ba ni. Yanzu da nake cikin hankalina nake gaya miki.” Ya ƙara da cewa kar in gaya maka, wai kana da iyali da aiki. Ka yafe mini, wannan kam ba zan iya riƙe masa ba.

Na kwana da ɗan sanyi a raina, ina cewa tunda ya gane da kansa, zai yarda mu ga likita. Da safe na kai masa kofi gareji, na same shi yana goge motar yana fito. Ya ɗago da fara'a ya ce in zo in ga abin da ya samo, fentin kamfani, ba a taɓa ko ƙwarzanarta ba. Sannan ya tambaye ni ko na ga makulli.

Tun ranar muke haka. Da farko da wasa yake nema, yana cewa 'yar ɓarauniya fito da shi. Jiya ya daka mini tsawa a gaban Dale, ya ce so nake in gaje shi da ransa, ya ce zai haɗa wayoyin motar ya tayar da ita ba makulli, kuma ka san zai iya, hannunsa bai manta komai ba. Dale ya cire wani abu a injin a ɓoye, amma Baba ba zai ɗauki rabin yini bai gano ba. Duk lokacin da na ji ƙarar mota a titi sai na ruga taga. Likita kuwa ya ce ba zai je ba, lafiyarsa ƙalau. Maganarka kaɗai yake ji, Yaya, tun kana yaro kai ne mai juya shi. Kada ka jira Kirsimeti. Jiya da na ambaci sunanka ya yi murmushi nan take, ya ce ɗan banzan nan mai karya masa sufana. Ina so ka zo tun wannan murmushin yana nan.

Ka gaishe mini da Anti Noreen sosai, ka ce na gode da hular ulun da ta aiko. Ka shafa mini kan Tessa da Wyatt. Dale da Goggo Phyllis suna gaisuwa, Lyle ma ya ce in miƙa tasa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya kawo ka lafiya.

Zan tsaya nan, don ina jin sa a gareji yana jan durowa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunana. Makullin yana cikin aljihuna. Shi ya ce kar in ba shi, amma ni kaɗai na san ya faɗa.

Ƙanwarka,
Rhonda