Ƙararrawa Mai Muryar Akuya

Kisimani

Jikata Mwanaidi tana zuwa! A kan keke! Kai, na manta gaisuwa. Ɗana Shomari, salamu alaikum, yaya Darussalam, yaya uwar yara?

Takardarta ta same ni, da kaina na karanta. Karatun yamman da kake yi wa dariya ya yi rana. Ta ce ita da ƙawayenta biyu na makarantar horon malamai za su taso daga Bagamoyo, su bi bakin teku, inda rana ta faɗi su kafa tanti. Kuma wai da tsohon kekena na tallar kifi, wanda na ba ka ran da ka tafi birni! Ƙararrawar nan tasa mai muryar akuya tana nan? Har yau in akuya ta yi kuka a garin nan sai a ce, "Ga Kibwana da kifinsa."

Ta tambaye ni hanya, na rubuta mata. Kada su bi titin mota, su jira ruwa ya janye su bi kan yashi, taurinsa kamar daɓe. Kwanan ƙarshe su yi shi a Tsinin Kwakwa, akwai rijiya.

Rabona da jikar nan tawa tun ba ta fara famfara ba. Na gaya wa kowa amaryata na tafe. Maƙwabcina Fumo ya ce, "Tana ganin ango ba haƙori za ta juya kekenta."

Mahaifinka, Kibwana

*

Darussalam

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na hana Mwanaidi tafiyar, uwarta ta yi kuka, amma ta ce ai kakanta ya san hanya. Baba, yaushe rabonka da Tsinin Kwakwa? Tun kafin gwiwa ta zaunar da kai. Wani matuƙin jirgin ruwa ya gaya mini teku ta cinye wurin da daɗewa. Ya kamata a ce sun iso. Ka ba direban bas ɗin nan amsa kafin ya juyo.

Ɗanka, Shomari

*

Kisimani

Ɗana, salamu alaikum.

Ba su iso ba.

Fumo ya kai ni a kwalekwalensa. Shomari, babu Tsinin Kwakwa. Kututturen kwakwar suna tsaye cikin ruwa, rijiyar tana ƙarƙashin teku. Inda na ce su kwana, in ruwa ya dawo sai ya shanye mutum a tsaye. Mun ga tantinsu a maƙale cikin mikoko, kurmin nan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Mun tono keke ɗaya daga yashi. Nawa ne.

Da muka dawo na tarar mata sun fara shigo da tabarmi tsakar gidana. Liman ya ce, "Kibwana, abin da teku ta karɓa ba a yi mata gardama." Na ce su naɗe tabarminsu, ban ga gawa ba. Masunta sun shiga kurmin suna kiran sunanta har muryarsu ta dishe, amma rafuffukan cikinsa sun fi jijiyoyin hannu yawa, iska kuma tana haɗiye murya.

Na kwance ƙararrawar, na wanke mata yashi, na sa mata man kwakwa. Tana yi. A da daga wancan ƙetaren ake jin ta. Fumo ya ce, "Tsoho, tallar kifi za ka yi wa kaguwa?" Amma ya ce zai tuƙa ni. Rafi-rafi za mu bi ina kaɗawa, har yatsana ya mutu.

Ni na aika ta can. Ban ce ka yafe mini ba, addu'a kawai nake roƙo.

Kibwana

*

Darussalam

Baba, muna tafe a bas mai zuwa. Uwarta ta sa likkafani a jaka, na kasa hana ta.

Shomari

*

Kisimani

Suna raye, su ukun! Na ba direba wannan ya tare ku a hanya.

Ruwa ne ya kore su cikin kurmi, suka sami wani ɗan tudu, suna shan ruwan sama a tukunyar girkinsu, suna cin ɗanyar kawa, dodon koɗin teku. Muryarsu ta tafi, sun ji masunta daga nesa sun kasa amsawa. Da ƙararrawa ta matso sai Mwanaidi ta kama dukan tukunya da cokali. Muka bi ƙarar.

Ƙafafunta duk yanka ne, sauro ya sauya mata kamanni. Na durƙusa cikin taɓo ina kuka, ita kuwa ta raɗa mini, "Angona, haka ake karɓar amarya a garinku?"

Ga ta nan tana shan shayi, wai sai ta hau keken ta shigo gari yadda ta yi niyya. Fumo na can yana gyara masa sarƙa. Ka ce wa uwarta farin yadin nan labule za mu ɗinka da shi. Ku zo, ku da duk wanda ke cikin bas ɗin, har direba. Ku zo ku gan ta!

Mahaifinka, Kibwana